Tsohuwar Mota Tana Rasa Ƙarfi a Hankali Cikin Tafiya: Yadda Ake Gano Tushen Matsalar

Mota ta tashi lafiya da safe, ta fita gari tana ja kamar babu abin da ke damunta. Bayan minti ashirin ko talatin a kan babban titi sai ta fara nauyi. Gudun kilomita 100 ya koma 80, ya koma 60, kana ƙara taka totur ba ta amsawa, ɗan hawa kaɗan ma ya gagare ta. Ka tsaya a gefen hanya na minti goma, ka tayar, ta dawo garau, can gaba kuma ta maimaita. Kaɗan ne daga cikin matsalolin mota ke cinye kuɗi a banza kamar wannan, domin kafin a isa gareji motar ta huce, bakanike ya tayar da ita bai ga komai ba, sai a shiga canjin kaya da ka: yau fulogi, gobe famfon mai, jibi kwayil.

Irin wannan matsala a kan hanya ake kama ta, a daidai lokacin da take faruwa. Duk gwajin da aka yi bayan injin ya huce zai iya nuna cewa komai lafiya alhali ba lafiya ba. Saboda haka a ɗauki bakanike da kayan awonsa a fita da motar, a nemi hanya mara cunkoso, a bari ta yi halinta.

Abin da za ka lura da shi kafin a taɓa sifana

Tambaya ta farko ita ce ta raba aikin gida biyu: lokacin da motar ke nauyi, ƙarar injin ƙaruwa take yi ko raguwa? Idan ka taka totur injin ya yi sama, allurar gejin juyawar injin ta haura, amma gudu bai ƙaru ba, to injin lafiya yake, ƙarfin ne ba ya isa ga taya. A motar hannu kuloci ne ke zamewa. Gwada shi haka: kana gudun kilomita 50 ka saka giya ta ƙarshe ka taka totur har ƙasa. Kuloci mai lafiya zai bar injin ya riƙa ɗaga murya a hankali tare da gudu, wanda ya cinye kuwa zai bar injin ya yi ihu shi kaɗai, sau da yawa da warin ƙauri. A motar otomatik a zaro sandar man giya a duba. Jan mai mai haske shi ne daidai, idan ya koma baƙi-baƙi yana warin ƙonewa, farantan ciki sun fara cinyewa, kuma zamewar tana tsananta ne idan man ya ɗauki zafi.

Kada a manta da birki. Da zarar ka tsaya, zagaya ka kusantar da bayan hannunka ga kowane wili ba tare da ka taɓa ba. Idan guda ɗaya ya fi sauran zafi ƙwarai, birkinsa yana kamawa, ko fistan ɗin birkin ya yi tsatsa, ko tiyon roba ya rufta ta ciki yana barin mai ya shiga amma ba ya barinsa komawa. Idan duka huɗun sun yi zafi, a duba masta, wato babban famfon birki, da sandar da ke tura ta. A wuri mai shimfiɗa, motar da ke firi ya kamata mutum ɗaya ya iya tura ta.

Idan kuwa injin da kansa ne ke shaƙewa, sai ka riƙe waɗannan a ka: shin fizga take yi tana tari, ko ƙarfin ne ke zarewa sumul? Allurar zafi ta motsa daga inda ta saba tsayawa? Nawa ne man da ke tanki? Minti nawa take buƙatar hutawa kafin ta dawo daidai? Fitilar batir ko ta injin ta kama a dashbod? Amsar kowace tana nuna wani sashe daban.

Mai: inda aka fi samun laifin

Injin da ke silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, ɗan mai kaɗan yake sha, shi ya sa hanyar mai da ta toshe rabi ba ta nuna komai a gareji. Sai an hau titi, buƙata ta ninka sau da yawa, sannan ƙarancin ke bayyana. Alamarsa ita ce motar tana tafiya daidai idan ka sassauta ƙafa, tana shaƙewa idan ka danna, wani lokaci da ɗan tari ta wajen shigar iska.

Fara da gwajin da ba ya cin ko kwabo. Da ka tsaya, buɗe murfin tanki kana saurare. Duk litar da famfo ya zuƙa, dole iska ta shiga ta maye gurbinta. Idan hanyar shaƙar iskar tankin ta toshe da ƙura ko laka, sai tankin ya riƙa riƙe man, famfo yana ja yana kasawa. Ɗan huci kaɗan ba laifi ba ne a motoci da yawa, amma doguwar zuƙar iska zuwa ciki abin zargi ce. Sassauta murfin ka ci gaba da tafiya. Idan matsalar ta ɓace, ka same ta.

Daga nan sai datti. A bakin famfon da ke cikin tanki akwai ɗan rariya, kuma tsohon tanki ba ya rasa tsatsa da yashi da ruwa a ƙasansa, musamman idan ana yawan shan man galan a gefen hanya. Yayin tafiya famfo yana jawo dattin yana manna shi a jikin rariyar, minti bayan minti ramukan suna raguwa. Ka kashe mota, jan ya tsaya, dattin ya zube ya koma ƙasa, motar ta dawo lafiya. Wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa gajeriyar hutawa ke gyara ta. A nan canza famfo kaɗai ba ya magani. Dole a sauke tanki a wanke shi, a shanya, a sa sabuwar rariya da sabuwar filtar mai, in ba haka ba sabon famfon zai bi sahun tsohon cikin 'yan makonni. Idan an cire tsohuwar filta, a zazzage ta ta bakin shiga a cikin farin roba mai tsabta. Abin da ya fito zai gaya maka halin da tankin ke ciki, ruwa kuma zai kwanta a ƙasan fetur a gan shi sarai.

Shi kansa famfon yana gajiya da zafi. Man da ke tanki ne ke sanyaya shi, don haka motar da kullum ke yawo da lita biyar ko shida tana gasa famfonta. Idan matsalar ta fi zuwa lokacin da tanki ya yi ƙasa da kwata, ta kuma ragu idan an cika, famfo ko rariyarsa ake zargi. Kukan famfo mai kaifi daga ƙarƙashin kujerar baya ƙarin shaida ne.

Tabbacin yana wurin gejin matsin mai. A yawancin motoci masu injekta na shekarun 1990 zuwa 2000, irin su Corolla, Camry da Accord, matsin yana tsakanin 2.5 da 3.5 a ma'aunin matsi da ake kira ba (bar), amma a nemi adadin da kamfani ya rubuta wa wannan injin. A ɗaura gejin, a fito da tiyonsa ta gefen bonet a manna shi a jikin gilashin gaba daga waje, kada a shigo da tiyon fetur cikin mota. Sai a tuƙa. Idan allurar tana sauka daidai lokacin da ƙarfi ke raguwa, magana ta ƙare, matsalar mai ce. Idan ta tsaya cak motar kuma tana nauyi, a bar famfo ya huta a nemi laifin a wani wuri. Famfo mai lafiya yana iya cika kusan rabin lita cikin daƙiƙa 30. Kafin a yanke masa hukunci kuma a auna wutar da ke isa gare shi yana aiki: bai kamata ta gaza ta batir da fiye da rabin bolt ba. Rile, wato makunnin da ke kai wa famfo wuta, da ya ƙone ta ciki, ko wayar at, wadda ke haɗe da jikin mota, da ta yi tsatsa, suna rage wa famfo wuta idan sun yi zafi, kuma an jefar da famfuna masu lafiya da yawa saboda wannan. Duk aikin da ya shafi buɗe hanyar fetur a yi shi a fili, babu sigari, babu wuta a kusa, a kuma cire fis ɗin famfo a bar injin ya mutu da kansa domin matsin ya sauka kafin a kwance tiyo.

Motoci masu kafireta, irin su Peugeot 504 da 505 da Golf 2 da yawa, matsinsu ƙarami ne, wajen ba 0.2 zuwa 0.4, kuma famfonsu yana jikin injin. A zafin bazara na Sakkwato ko Maiduguri, inda ake haura digiri 40, fetur kan tafasa a cikin bututun da ya bi kusa da salansa ya zama tururi, famfo kuma ba ya iya tura tururi. Jiƙa tsumma a ɗora a kan famfon da bututun. Idan ta farfaɗo nan take, a nisantar da bututun daga zafi ko a naɗe shi, a kuma tabbatar farantin da ke raba kafireta da zafin injin yana nan. Wani gwajin shi ne a taka kuloci a kashe injin daidai lokacin da take shaƙewa, a gangara a tsaya, a buɗe kan kafireta a ga ko kwanon man ya bushe. A yi wannan a hanyar da babu kowa, kada a juya makulli har inda sitiyari ke kullewa, kuma a sani birki zai yi tauri.

Salansa da ta toshe

Injin da ba ya iya fitar da hayaki ba zai iya shaƙar sabuwar iska ba, kamar mai gudu ne da aka toshe masa hanci da baki. Wannan matsala tana kama da ta mai sosai har ana rikita su, amma akwai bambanci. Toshewar salansa ba ta cika fizga ba. Ƙarfin yana zarewa ne sumul, injin ya ƙi wuce wani mataki komai taka totur, motar otomatik ta ƙi canza giya a kan lokaci, zafi ya ɗan ƙaru, ƙasan motar ya yi zafin da ba a saba ba.

Yawanci tukunyar tace hayaki ce, wadda a gareji ake ce wa indomi. Cikinta saƙar ƙananan ramuka ce. Idan fulogi ya daɗe ba ya kamawa, ɗanyen fetur yana zuwa ya ƙone a cikinta har ta narke. Idan injin yana shan baƙin mai, toka ce ke like ramukan. Wani lokaci kuma farfashewa take yi, gutsattsarin su riƙa taruwa a bakin fita yayin tafiya, su watse idan an tsaya. Bubbuga ta da hannu idan ta huce, ƙarar tsakuwa a ciki alama ce ta fashewa. Tsohuwar tukunyar baya ma farantanta na ciki kan ruɓe su faɗo su tare hanya.

Gejin zuƙar iska shi ne mafi sauƙin awo. A haɗa shi da bututun da ke bayan totur. Injin mai lafiya a silo yana nuna inci 17 zuwa 21 a bakin teku. Ana rage kusan inci ɗaya a kowace mita 300 ta tudu, don haka a Kano a yi tsammanin ƙasa da haka da kamar ɗaya da rabi, a Jos da kamar huɗu. A ɗaga injin zuwa juyi 2,500 a riƙe shi nan na minti ɗaya. Allurar ya kamata ta dawo inda take ko ta ɗan fi, ta tsaya. Idan tana zamewa ƙasa a hankali, hayaki ne ke taruwa. Wanda ke da gejin ƙaramin matsi zai iya cire sansar iskar oksijin ta gaba ya ɗaura shi a ramin: sama da 3 a ma'aunin psi na gejin a juyi 2,500 toshewa ce. In babu geji ko ɗaya, a cire wannan sansar ko a sassauta ƙusoshin bututun gaba a yi gajeriyar tafiya da tagogi a buɗe, bayan an kawar da wayoyi daga inda hayakin zai bugo. Za ta yi ƙara, amma idan ƙarfi ya dawo an gane.

Fasa indomi a zubar, kamar yadda aka saba, yana dawo da ƙarfi amma bai gyara abin da ya kashe ta ba, a motoci da yawa kuma yana barin fitilar injin a kunne kullum, ta yadda ranar da wata matsala ta gaske ta zo ba za ka sani ba. Hayakin da ke fita kuma mutanen gidanka da na bayanka ne ke shaƙa. A gyara fulogi ko shan man da ya jawo, sannan a sa wata tukunyar.

Wutar fulogi da caji

Idan motar tana fizga, tana harbi ta salansa, ko allurar juyawar injin tana tsalle, hankali ya koma kan wuta. Kwayil da ignita, masu ba fulogi wuta, da sansar kiransha, mai lura da juyawar injin, duk suna da siraran wayoyi a ciki waɗanda ke buɗewa idan sun yi zafi su haɗe idan sun huce. Irin wannan ya fi buƙatar doguwar hutawa, minti goma sha biyar zuwa talatin, ba kamar dattin tanki ba. Da an tsaya a gwada wuta da wani fulogi na daban da aka jingina da jikin injin, kada a riƙe waya da hannu. Shuɗiyar wuta mai ƙara ita ake so, ja-ja mai rauni alamar gajiya ce. Sanyaya abin da ake zargi da jiƙaƙƙen tsumma, ɗaya bayan ɗaya. Wanda sanyaya shi ya dawo da motar da wuri shi ne mai laifin.

A zaro fulogogin a jera su yadda suke a injin. Launin ƙasa-ƙasa daidai ne. Fari fat yana nuna ƙarancin mai, baƙin busasshen gawayi yana nuna mai ya yi yawa, jiƙewa da baƙin mai kuma zoben fistan ko robar bawul. Tazarar bakin fulogi a yawancin waɗannan motoci milimita 0.8 zuwa 1.1 ce. A motar da ke da distirbuta a buɗe murfin a nemi tsaga ko layin gawayi, wayoyin fulogi kuma kada ɗaya ta wuce om (ohm) 25,000 idan an auna ta da mita. Masu amfani da kwantak, wato makunnin da ke buɗewa yana rufewa a cikin distirbuta, tazararsa wajen milimita 0.4 ce, kuma tana rufewa da kanta yayin da robar ke cinyewa.

Caji ma yana kawo irin wannan mutuwar a hankali, musamman da dare. Idan altaneta ta daina caji, motar tana tafiya ne a kan batir kaɗai, wuta tana raguwa, famfon mai yana sanyi, fitilu suna dushewa, rediyo ya ɗauke. Mita a kan batir injin yana aiki ya kamata ta nuna bolt 13.5 zuwa 14.5, ko da an kunna fitilu da fanka. Ƙasa da 13 matsala ce, kuma a auna da zafi, domin wata altanetar sai ta gasu take dainawa. Kada a cire kan batir injin yana aiki wai don gwaji, hakan yana iya ƙona kwamfutar motar.

Zafi, iska da sansa

Injin da ya wuce zafinsa na digiri 85 zuwa 95 yana fara ƙwanƙwasa, kwamfuta kuma ta ja lokacin wuta baya don ta kare shi, ƙarfi ya ragu. Idan nauyin yana tafiya tare da hawan allurar zafi, a duba lagireto. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin ƙasa da tsatsa a ramukansa, ƙurar hunturu kuma tana like gabansa da gaban na'urar sanyi. Kada a buɗe murfin lagireto da zafi. Cire tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan injin, ba magani ba ne: injin zai riƙa aiki a sanyaye da safe, ya sha mai fiye da kima, ya tara gawayin da zai kashe fulogi da indomi. Idan kuwa injin ya fara nauyi da ƙara kamar ana riƙe shi, ko fitilar baƙin mai ta kama, a kashe nan take, alamar yana shirin kamewa ce.

Filtar iska a ɗaga ta a rana, in haske ba ya ratsa ta a canza. Hura ta da iskar mai faci yakan yaga takardar, ƙura ta wuce kai tsaye ta manne a siririyar wayar sansar da ke auna iska. Sansar sai ta riƙa faɗin iska kaɗan, kwamfuta ta ba da mai kaɗan. Ana wanke ta da feshin da aka yi dominta kawai, ba a taɓa wayar da hannu ko buroshi. A lanƙwasa babban tiyon da ke tsakaninta da totur a duba cikin ninkinsa, tsagar da ke wurin tana buɗewa ne kawai idan injin ya motsa da nauyi.

Motocin Amurka daga 1996 da na Turai masu fetur daga 2001 suna da wurin haɗa na'urar bincike. P0171 na nufin mai ya yi kaɗan, P0300 fulogi na tsallakewa, P0335 sansar kiransha, P0420 indomi. Lambar tana nuna ɓangaren da za a bincika ne, ba kayan da za a saya ba. Abin da ya fi amfani shi ne a bar na'urar a haɗe yayin tafiya a kalli gyaran man da kwamfuta ke yi. Idan yana haura kashi 10 cikin ɗari yana ƙaruwa da gudu, mai ne ba ya isa ko sansar iska ta yi datti. Idan a silo yake da yawa yana raguwa da gudu, iska ce ke shiga ta wata ɓaraka.

Idan ƙarfin a cikin watanni ya zube

Motar da ba ta dawowa daidai ko ta huta, wadda kowane wata take ƙara nauyi, matsin cikin silindojin injinta ake aunawa. A ɗumama injin, a cire duka fulogogi, a cire fis ɗin famfon mai da soket ɗin kwayil, a danne totur har ƙasa, a juya injin sau biyar ko shida a kowace silinda. Injin fetur mai lafiya yakan nuna matsin ba 10 zuwa 13, kuma tazarar da ke tsakanin mafi girma da mafi ƙanƙanta kada ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. A silindar da ta yi ƙasa a zuba ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai a sake aunawa. Idan adadin ya tashi sosai zoben fistan ne, idan bai motsa ba bawul ne. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare kuwa gasket ɗin kan injin ne ya ƙone a tsakaninsu.

Kafin a ce sai an sauke injin, a auna tazarar bawul. Na fitar hayaki suna matsewa da tsufa, kuma bawul ɗin da ya matse ba ya rufewa sosai idan ƙarfe ya buɗe da zafi, don haka motar tana ja da sanyi tana saki da zafi. Tazarar yawanci tana tsakanin milimita 0.15 da 0.35, ainihin adadin kuma sau da yawa yana rubuce a takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet. A kuma daidaita alamomin taimin a gani. Bel ɗin da ya tsallake haƙori ɗaya yana barin injin ya tashi ya yi silo lafiya amma ya rasa ƙarfi a hanya, kuma idan ya wuce kilomita 60,000 zuwa 100,000 da kamfanoni suka saba ƙayyadewa, a canza shi tare da abin da ke ɗaure shi a rana ɗaya.